i3-12100F ko Ryzen 5 5600 ko na haƙura na tara kuɗin AM5? A taimaka da shawara

Ɗan Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina da ɗan shago ina haɗa bidiyon biki da suna, sai aikin CorelDraw na katin gayyata da banar talla, to kwamfutar da nake aiki da ita HP ce ta ofis tsohuwa, i5 ƙarni na 4, yanzu in na ɗora bidiyo a Premiere sai ta riƙa tsayawa tana numfashi, ga kwastoma a tsaye a kaina yana jiran aikinsa. Na yanke shawarar haɗa sabuwa da kaina. Katin hoto ina da shi, GTX 1660 Super na hannu, SSD ma akwai. Ram ɗin tsohuwar an ce DDR3 ce ba za ta shiga ba, don haka firosesa da madabod da ram duk sai na saya.

Na zaga Farm Centre an nuna min i3-12100F, Ryzen 5 5500, Ryzen 5 5600, wani kuma ya ce duk na bar su na je kan Ryzen 5 7600 na AM5, sabon soket (mazaunin firosesa a bod) na AMD, tunda shi ne mai gaba. Kuɗin hannuna ba su kai na 7600 ɗin nan ba in aka haɗa da bod da ram, sai dai na ƙara jira. Abin da nake so wanda zai min aiki yanzu, kuma nan da shekara biyu uku in Allah ya hore na cire firosesar kawai na sa babba ba tare da na zubar da komai ba. Wanne za ku ba ni shawara?

Mai Gyara Zoo Road ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam ka fara cire 5500 daga lissafi. Mutane na ganin lambar ta kusa da 5600 sai su ɗauka ƙanensa ne da ɗan bambanci kaɗan, alhali kash ɗinsa (ƴar ma'adana mai sauri da ke cikin firosesa) 16MB ne, na 5600 kuwa 32MB, sannan 5500 a PCIe 3.0 (hanyar da kati da SSD ke bi) ya tsaya shi kuma 5600 yana hawa 4.0 in ka sa shi a kan bod ɗin B550. In dai ratar kuɗin ba ta da yawa to 5600 ɗin ya fi.

Tsakanin 12100F da 5600 kuwa aikinka ne zai raba gardama. i3 ɗin nan ba abin rainawa ba ne wallahi, ƙwaya (core) 4 ce amma kowace ɗaya tana da sauri, a wasa da CorelDraw ba za ka ji ya gaza ba. Amma lokacin fitar da bidiyo ƙwaya 6 ta 5600 ta fi 4, kuma kai da bidiyo kake ci.

Maganar gaba, soket ɗin AM4 da 5600 ke hawa ya yi dogon zamani, tun Ryzen na farko a 2017 ake sa masa firosesa, shi ya sa kayansa suka cika kasuwa na hannu da sababbi. Kana kan 5600 yau, gobe ka sa 5700X mai ƙwaya 8, ko 5900X mai 12, har 5950X mai 16 in bod ɗin na da ƙarfin ɗauka. Sai dai ka sani daga nan hanya ta ƙare, sabon zubi na AMD duk ya koma AM5.

Abu biyu ka kula in na hannu za ka saya. Firosesar AM4 ƙafafuwan a jikinta suke, ka juya ta ka ɗaga saitin haske ka duba layi layi, in ka ga ɗaya ta kwanta ko an miƙar da ita ta ɗan karkace ka ajiye musu abinsu. Na biyu in bod ɗin B450 ne a tabbatar an sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin bod ɗin, in ba haka ba za ka kunna fanka na juyawa allo baƙi ƙirin, ka zata wani abu ya ƙone. A kunna a gabanka kafin ka biya.

Abban Hanifa ya rubuta:

Oga mai gyara ka yi bayani, amma ni ban yarda a ce mutum ya zuba kuɗinsa a soket ɗin da kai da bakinka ka ce hanyarsa ta ƙare ba. Shi fa tambayarsa a kan gaba take. AM5 ya fito a 2022, kuma AMD sun faɗa a 2024 cewa za su ci gaba da tallafa masa har 2027 da bayanta, yanzu haka Ryzen 7000 da 8000 da 9000 duk a kansa suke zama. Wanda ya sayi bod ɗin B650 da 7600 yana da inda zai je gobe, na gaske, ba sai ya je neman tsohuwar firosesa a kasuwar ƴan hannu ba. Kuma 7600 yana zuwa da fankarsa a kwali, yana da ɗan katin hoto a cikinsa wanda ko katinka ya mutu za ka ga allo ka ci gaba da aiki. In ma kuɗin ne matsala akwai 7500F, kusan abu ɗaya ne sai dai babu hoton ciki.

Na san DDR5 ce kaɗai ke shiga AM5 kuma ita ce ke ɗaga lissafin, to amma DDR4 ɗin da zai saya yau ranar da zai bar AM4 ita ma barinta zai yi. Ni dai a ganina ya daure ya ƙara tarawa, sau ɗaya ake kashe kuɗin nan.

Mai Gyara Zoo Road ya rubuta:

Abban Hanifa ai ba a daure da kwastoma a tsaye. Duk watan da ya ƙara yana jira aiki yake asara, ga farashin kaya da ke bin dala, abin da ka tara domin sa yau kafin ka cika ya matsa gaba. Sannan tsakani da Allah cikin masu kawo min kwamfuta, waɗanda suke dawowa a canza musu firosesa ita kaɗai ba su da yawa, akasari sai injin ya tsufa gaba ɗaya a sake sabo. Biyan kuɗin gaban da ba lallai ka je ba yana da nauyi ga mai ƙaramin jari.

Injiniya Tudun Wada ya rubuta:

Duk kun tsallake wani abu, mutumin nan bidiyo yake yi. Ɗan'uwa da wace kyamara kake ɗauka? Dalilin tambayar, firosesar Intel wadda ba ta da F a ƙarshe tana da hoton ciki, a cikinsa kuma akwai Quick Sync, Premiere na amfani da shi wajen buɗe bidiyo nau'in H.264 da H.265, shi ke sa ka ja bidiyo gaba da baya ba ya kakkatsewa. In ka sayi mai F ka yar da wannan gaba ɗaya don rangwamen da bai taka kara ya karya ba. Kuma in kana karɓar aiki daga masu manyan kyamarori irin Sony da Canon na yanzu da ke ɗaukar H.265 10-bit 4:2:2, katinka 1660 ba ya iya buɗe wannan da kansa, firosesa zai bar wa, amma hoton cikin Intel ƙarni na 12 yana iyawa.

Don haka ni abin da zan ce ka nema i5-12400 marar F, ƙwaya 6 kamar 5600. Ka haɗa shi da B660 ko B760 mai DDR4, ka lura da kyau domin bod ɗin LGA1700, soket ɗin Intel da waɗannan ke hawa, kashi biyu ne, wani DDR4 wani DDR5, ba a haɗa su a bod ɗaya. H610 ya fi araha amma ramin ram biyu gare shi, ga shi da yawansu ba sa jure babbar firosesa.

Gaban Intel ɗin ma ba na ɓoye maka, LGA1700 ya ɗauki ƙarni na 12 da 13 da 14 ya tsaya, Core Ultra na tebur sun koma LGA1851. Kuma manyan na 13 da 14 sun yi matsalar lalacewa saboda yawan wutar da suke ja wa kansu, Intel sun amsa a 2024 suka fitar da gyara ta BIOS suka ƙara shekara biyu a garanti. To in wata rana za ka sayi i7 na hannu daga cikinsu ba ka san wahalar da ya sha a hannun mai shi na farko ba, wannan yana damuna sosai. Ƙarni na 12 dai ba ya cikin matsalar.

Maman Sadiq ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ni shagon buga takardu nake da shi ba gwanar waɗannan lambobin ba ce, amma ƙanena don Allah kar ka ƙarar da kuɗin a firosesa ka zo ka sayi akwatin wuta (power supply) na banza marar suna. Da irin wutarmu da ake kawowa a ɗauke, shi ne ke fara tafiya kuma wani lokacin ya ja bod ya tafi da shi. Ka ware kuɗin UPS tun yanzu. In da sola kake aiki ka tsaya kan masu 65W ɗin nan, batir zai fi kai maka. Ram kuma ka sa guda biyu, 8 da 8 ko 16 da 16, kar ka sa ɗaya tilo. Lokacin hunturu a riƙa buɗewa ana hure ƙura, watan Afrilu kuwa ɗakin in ba iska ko wace firosesa ce za ta rage gudu.

Ɗan Kurna ya rubuta:

Kai Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Injiniya kyamarata Canon ce ƙarama, amma ina karɓar aikin wasu masu ɗauka su kawo min na haɗa, kuma lallai akwai wani mai Sony da fayil ɗinsa ke wahalar da ni fiye da na kowa, ashe dalilin kenan. Hajiya na gode, UPS ina da shi, akwatin wutar ne ban sa a lissafi ba, yanzu na sa. Abban Hanifa maganarka gaskiya ce amma jiran ne ba zan iya ba, bayan salla aikin biki ke yawa.

Gobe zan koma kasuwa na tambayi 12400 marar F da B660, in ya fi ƙarfina na dawo kan 5600 da B550. Tambaya ɗaya, in na sa katin hoto ai hoton cikin firosesar kashe kansa yake yi ko? Ya zan yi Premiere ta gan shi?

Injiniya Tudun Wada ya rubuta:

Wasu bod ɗin suna kashe shi da kansu in sun ga kati. Ka shiga BIOS ka nemi inda aka rubuta iGPU Multi-Monitor ko Internal Graphics, ya danganta da kamfanin bod ɗin, ka kunna, sannan ka sa direban hoto na Intel. Wayar allo ka bar ta a jikin 1660 ɗin, kar ka mayar da ita bod. In ka buɗe Task Manager ka ga GPU guda biyu to ya hau. In ka samo bod ɗin ka turo sunansa a nan kafin ka biya mu duba.