"Permission denied" da rikicin mallakar fayil: me ya same ku, ya kuka yi?

Ɗan Kabuga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Abokin aikina ya kawo mini faifan ajiyarsa mai tsarin ext4 (tsarin ajiyar fayil na Linux) daga tsohuwar kwamfutarsa. Na jona a Ubuntu, fayiloli na nan, amma ko ɗaya ya ƙi buɗuwa. Na buga `ls -l`, a gurbin sunan mai fayil sai na ga 1001 kawai. Wa ya taɓa cin karo da haka?

Malamin Gwale: Wa alaikumus salam. Ƙanena, Linux ba ruwansa da suna, lamba yake riƙewa. Root, wato babban asusu mai cikakken iko, shi ne 0, mutum na farko da aka buɗe wa asusu a Ubuntu yana samun 1000, na biyu 1001. Sunan yana cikin `/etc/passwd` na waccan kwamfutar, bai biyo faifan ba. Buga `id` ka ga lambarka, sannan ka yi `sudo chown -R` da sunanka a kan folda ɗin nan kaɗai (sudo na ba ka ikon root, chown kuma na canza mai fayil). Don Allah ban da `chmod 777`, wannan buɗe wa kowa ƙofa ne.

'Yar Tarauni: Ni da filasha na sha fama. Ko da sudo, chown cewa yake "Operation not permitted". Ashe FAT32, tsarin da ke kan filashar, ba ya ajiye mai fayil sam. Sai da na sake ɗora ta (mount) da `-o uid=1000,gid=1000` aka samu lafiya.

Mai gyara a Beirut Road: Malam ya yi gaskiya da ya ce folda ɗin kaɗai. Wani ɗalibi ya shigo shagona gumi sharkaf, aikin kammala karatunsa na cikin kwamfutar. Wata manhaja ta ƙi hawa, sai ya yi `chown -R` a kan `/usr`, folda ɗin da manhajojin Ubuntu ke ciki, gaba ɗaya. Daga nan sudo ya tsaya cak: "must be owned by uid 0 and have the setuid bit set". Abin da zai yi gyaran da shi ne ya lalace. Muka shiga recovery mode, wato yanayin gyara na Ubuntu, muka buga `mount -o remount,rw /`, muka mayar wa root da `/usr/bin/sudo`, muka ba shi `chmod 4755`. Sudo ya dawo, amma `passwd` da `su` duk sun taɓu. Na ce masa ya kwashe aikinsa mu sake ɗora Ubuntu, don ba na yarda da na'urar da aka yi wa ɗinki irin wannan.

Ɗan Hotoro: Yallaɓai, ku ƙara da `usermod`, umarnin gyara asusun mutum da rukunoninsa. A ofishinmu wani ya buga `-G docker` babu `-a`, nan take aka cire shi daga sauran rukunoni har da sudo, ya koma ganin "is not in the sudoers file". `-aG` ake bugawa, don `-a` ne ke ƙara sabon rukuni a kan na da, kuma sai mutum ya fita ya sake shiga kafin sabon rukunin ya kama.