Gyaran tsarin kiwon lafiya: da inshora za a fara ko da ƙananan asibitoci?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Idan ƙasa mai tasowa ta ƙudiri aniyar gyara tsarin kiwon lafiyarta, alhali kuɗin da ke hannunta bai taka kara ya karya ba, daga ina ya kamata ta fara? Wasu na ganin a kafa inshorar lafiya ta ƙasa domin mutane su daina biya daga aljihunsu a ranar da ciwo ya kwantar da su, wasu kuma na ganin a fara da ƙananan asibitocin da ke kusa da jama'a. Abin da ya fi damuna shi ne, shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya, amma ƙasashe ƙalilan ne suka taɓa cika shi. Shin gyara zai yiwu ba tare da wannan kuɗi ba?

Likita Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, ɗana. A ganina asibiti ne farko, domin katin inshora ba ya duba mara lafiya. Ana yawan kafa hujja da Tailan, wadda a 2001 da 2002 ta shimfiɗa tsarin da ya game kowa, inda a lokacin mutum ke biyan baht 30 kacal na kuɗin ƙasar idan ya je asibiti. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ƙasar ta shafe shekaru masu yawa kafin nan tana gina asibitin gunduma a kusan kowace gunduma, tana kuma wajabta wa likitocin da suka gama karatu a makarantun gwamnati yin aikin shekara uku a hukumance, galibi a karkara. Saboda haka, ranar da aka ce wa manomi ya je a duba shi, akwai inda zai je, akwai kuma wanda zai tarar a can. Haka kuma daga harajin gama-gari aka ɗauki nauyin tsarin, ana ba kowane asibiti kuɗi gwargwadon yawan mutanen da suka yi rajista da shi, abin da ya sa asibiti ya fi amfana idan jama'arsa ba su kamu da ciwo ba tun farko.

Ma'aikaciyar Jinya:
Na yarda da maganar Baba Likita, sai dai ina so in ƙara cewa gini shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, shi ya sa 'yan siyasa suka fi ƙaunarsa. Wahalar tana wajen samun ma'aikaci da zai zauna, da magani da ba zai yanke ba. Habasha ta gane haka, ta fara wani shiri a 2003 na horar da mata na tsawon shekara guda, tana tura biyu-biyu zuwa ƙananan wuraren shan magani na ƙauyuka, da albashin gwamnati, har adadinsu ya haura 30,000. Su ne ke yin rigakafi, da bibiyar masu juna biyu, da wayar da kai kan tsafta. Yuganda kuwa ta soke kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati a 2001, talakawa suka yi tururuwa, amma magani ya riƙa ƙarewa, aka koma rubuta wa mutane takarda su je su saya a waje. Babu abin da ya fi ƙona ran ma'aikacin lafiya irin ya san maganin da zai ceci yaro, ya buɗe ma'ajiya ya tarar da ita wayam.

Mai Nazarin Kasafi:
Ina girmama ra'ayinku, amma ba na jin za a iya jingine batun kuɗi sai an gama gini, domin albashin nan da maganin nan daga wani asusu za su fito. Tun bayan yarjejeniyar da ministocin lafiya na Afirka suka cimma a Bamako a 1987 aka gwada ɗora wa marasa lafiya wani ɓangare na kuɗin magani, sakamakon kuwa shi ne marasa ƙarfi suka riƙa zama a gida har ciwo ya ci ƙarfinsu. Inshorar da ake cirewa daga albashi ita ma ba ta isa ba, tunda yawancin jama'a manoma ne da masu sana'ar hannu waɗanda ba su da albashin da za a cira. Ghana ta kauce wa wannan a dokarta ta 2003, inda ta ɗora kashi 2.5 cikin 100 a kan harajin kayayyaki domin asusun inshora. Dabara ce mai kyau, sai dai jinkirin biyan asibitoci haƙƙinsu ya sa wasu daga cikinsu suka riƙa neman kuɗi a hannun masu kati. A Ruwanda kuma, gwamnati da masu ba da tallafi ne ke biya wa mafi talauci kuɗin rajistar inshora. Don haka, Malam Mai Neman Sani, gyara na iya farawa kafin a kai kashi 15, amma ba zai ɗore ba idan ba a keɓe masa kuɗin haraji da doka ta kare ba.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. To amma idan an keɓe kuɗin, yaya za a tabbatar ya isa ƙaramin asibiti bai maƙale a hedikwata ba?

Ma'aikaciyar Jinya:
A buɗe wa kowane ƙaramin asibiti asusun banki nasa, a riƙa tura kuɗin kai tsaye a kan lokaci, kwamitin mutanen yankin ya sa hannu kafin a cire ko nawa ne, sannan a manna lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe a bango inda kowa zai karanta. Tanzaniya ta bi wannan hanya ta tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun asibitoci, kuma shugaban asibiti da ke da kuɗi a hannunsa yana iya gyara firjin allurar rigakafi a makon da ya lalace.