Wa ke sayen zanen da duniya ta san sato shi aka yi?

Malam Sabo:

Assalamu alaikum. Akwai abin da ke ɗaure mini kai game da satar shahararrun zane-zane daga gidajen adana kayan tarihi na Turai da Amurka. Wanda ya saci zinariya yana iya narkar da ita ya sayar, amma zanen da hotonsa ya cika jaridu ba shi narkuwa, kuma duk dillalin da aka kai masa zai gane shi. To, ina ribar ɓarawon take, kuma ta wace hanya ake gano irin waɗannan kaya bayan shekaru?

Hajiya Binta:

Wa alaikumus salam, Malam Sabo. A ganina yawancin ɓarayin ba sa yi wa kansu wannan tambaya sai kayan sun shiga hannunsu. Ranar 21 ga Agusta, 1911, wani ɗan Italiya mai suna Vincenzo Peruggia, wanda ya taɓa yin aikin sanya wa zane-zane gilashi a gidan tarihi na Louvre da ke Paris, ya ciro Mona Lisa, shahararren zanen wata mace da Leonardo da Vinci ya yi, daga bango ya fice da ita. Ranar Litinin ce, gidan yana rufe, don haka sai washegari aka farga. 'Yan sanda sun yi ta lalube a cikin duhu, har suka yi wa mai zane Pablo Picasso tambayoyi, alhali zanen yana ɓoye a ɗakin Peruggia, a cikin birnin.

Ya ajiye ta fiye da shekara biyu bai sami ko sisin kwabo ba. A Disamban 1913 ya kai ta Florence wurin wani dillali, Alfredo Geri, shi kuma ya kira shugaban gidan tarihi na Uffizi, suka tabbatar ita ce, suka sanar da hukuma. Peruggia ya ce kishin ƙasa ne ya sa shi, domin ya ɗauka Napoleon ne ya kwaso zanen daga Italiya, alhali Leonardo da Vinci da kansa ya tafi da shi Faransa. Watanni kawai ya yi a kurkuku, zanen kuma ya koma Louvre a Janairun 1914. Ranar da ya nemi mai saye, ranar dubunsa ta cika.

Malam Isiyaku:

Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa, sai dai ɓarayin yanzu sun fi Peruggia sanin abin da suke nema. Ba kasuwar gwanjo suke nufa ba. Zanen yakan zama jingina tsakanin gungun masu laifi, ko a nemi kuɗin fansa da shi, ko kuma a ɓoye shi don ranar da aka shiga hannu, a miƙa wa hukuma da fatan samun sassauci. Zane biyu na Van Gogh da aka sace a Amsterdam a Disamban 2002 sai a 2016 'yan sandan Italiya suka same su kusa da Naples, a wani gida mai alaƙa da Raffaele Imperiale, babban mai fataucin miyagun ƙwayoyi na ƙungiyar masu laifi ta Camorra. Binciken ƙwaya ne ya kai su can.

Wata hanyar ita ce tarko. An sace shahararren zanen Edvard Munch na mutum mai kururuwa a Oslo a Fabrairun 1994, ranar da aka buɗe wasannin Olamfik na hunturu a Lillehammer, kuma cikin wata uku aka karɓo shi, bayan wani ɗan sandan ciki na Birtaniya ya yi shigar mai saye.

Malam Sabo:

Na gode ƙwarai. Ke nan za a iya cewa duk daɗewa ana samun su?

Malam Isiyaku:

A'a, Malam. Ranar 18 ga Maris, 1990, mutum biyu sanye da kakin 'yan sanda suka shiga gidan tarihi na Isabella Stewart Gardner a Boston, suka ɗaure masu gadi, suka kwashe kaya 13 cikin minti 81, har da zanen Vermeer da na Rembrandt. An kiyasta darajarsu a kan dala miliyan 500, an kuma sa tukwicin dala miliyan 10, amma shiru kake ji. Firam ɗin suna nan rataye a bango babu komai a ciki.

Malama Ladi:

Ina so a lura cewa duk zane-zanen da aka ambata suna da hoto da lamba a kundin rajista tun kafin a sace su, kuma wannan ne ke hana su sayuwa. Kayan da aka tono daga ƙasa a ɓoye ba su da wannan kariya. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, daga kudancin Jihar Kaduna, waɗanda shekarunsu suka haura 2,000, an yi ta haƙo su ana fitarwa duk da dokar Najeriya ta hana, kuma tun da babu wanda ya ɗauki hotonsu kafin su fita, da wuya a kafa hujjar cewa na sata ne. Gwamnatin Faransa kanta ta sayi biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato daga wani dillali a Brussels, aka baje su a Louvre a 2000. Bayan surutu ya yi yawa ne aka ƙulla yarjejeniya a 2002, Faransa ta amince mallakar Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin dawo da kaya ba, domin ɗan Kaduna da ke son ganinsu sai ya nemi bizar Faransa.