Shawarwari Ga Mai Koyon Sulu A Teku Da Lemar Iska

Bakin gwanayen wannan wasa (kitesurfing, inda iska ke tura wata babbar lema mai igiyoyi, ita kuma ta ja mutum yana tsaye bisa allo a saman ruwa) ya zo ɗaya a kan cewa ko mai ƙarancin kuɗi kada ya yi tsumulmular kuɗin malami, domin lemar tana iya fizgar mutum ta maka shi da ƙasa. Sun ce a nemi malami mai shaidar ƙungiyar IKO (ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai horar da malaman wannan wasa), a shiga darasin rukuni saboda ya fi araha, bayan hannu ya saba da ƙaramar lemar horo a kan tudu. Kayan gwanjo ba laifi, muddin igiyoyi da makamar sakin gaggawa (wadda ake sakin lemar da ita idan an shiga haɗari) suna lafiya. An yaba ruwa marar zurfi irin na garin Dakhla da ke Yammacin Sahara ƙarƙashin ikon Maroko, an kuma hana shiga teku idan iska tana kaɗawa daga gaɓa zuwa cikinsa.