Neman shawara: dutsen zobena mai launi biyu ya fara dusashewa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga wani ƙauye nake a gefen Ringim. A kayan lefena akwai zoben azurfa, dutsensa rabi shunayya, rabi ruwan ɗorawa. A 'yar takardar da ke cikin kwalin an rubuta ametrine. Ina ji da zoben nan, ko barci da shi nake yi, amma ni mai aikin gida ce: surfe, wanke-wanke, girki da itace. Kwanan nan na ga samansa ya dusashe, ba ya ƙyalli kamar da. Facalata ta ce kwalba ce aka rina. Wata maƙwabciya kuma ta ce kar in kuskura in cire shi, wai yana jawo arziki. Don Allah masu sani, na gaske ne? Yaya zan kula da shi?

Wani da ya karanci ilimin ma'adinai:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Dutsen nan akwai shi, ba rini ba ne. Dangin kwaz ne, wato ma'adinin da ake kira quartz da Turanci, launukan biyu kuma daga sinadarin ƙarfe da ke cikinsa suke, a haka yake fitowa daga ƙasa. Kusan duk na gasken da ke kasuwa daga mahaƙar Anahi yake, a gabashin Bolibiya, kusa da iyakar Burazil. Sai dai ana haɗa na kamfani, ana kuma yin jabu da gilashi. Ki ɗaga shi a haske: in kin ga 'yan kumfa zagayayyu a ciki, gilashi ne. Bambance na ƙasa da na kamfani kuwa sai masani da na'ura.

Amma ki bar ni in tambaye ki, da me kike goge tukunya?

Mai tambaya:
Da toka da yashi, Malam.

Shi dai na farkon:
To nan matsalar take. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, daga 1 zuwa 10, dutsenki yana kan 7, gilashi wajen 5 da rabi. Yashi kuwa yawancinsa kwaz ne, wato taurinsu ɗaya. Duk sanda kika damƙi yashi kika dirji gindin tukunya, yana kankare fuskar dutsen kaɗan-kaɗan har ƙyallin ya tafi. Ƙurar hunturu ma haka, kar ki goge shi da bakin zani alhali da ƙura a kai, ki fara ɗauraye shi.

Wani maƙerin azurfa:
Ƙanwata, wata sa'a ma ba kankarewa ba ce, maiƙo da sabulu ne suka taru a ƙarƙashin dutsen. Ki jiƙa shi a ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ki sa tsohon buroshin haƙori mai laushi ki bi ta bayansa, ki tsane da ƙyalle mai taushi. Ban da bilic, ban da tafasasshen ruwa. In ya kankare ɗin ne, masu wankin duwatsu suna iya sake goge fuskar. Lokacin sakwara ko surfe ki cire, taɓarya tana iya ɓantare gefensa ko ta lanƙwasa haƙoran da ke riƙe da shi.

Wata dattijuwa daga Dambatta:
'Yata, zancen jawo arziki ki watsar, arziki na Allah ne, zobe ado ne. Ki sa ranar biki da suna, ki ji daɗinki. Allah ya ba ku zaman lafiya.

Maƙerin ya ƙara:
Na manta, ki nisanta shi da murhu da kaskon turaren wuta, kar kuma ki bar shi a rana a kan taga. Zafi mai yawa yana sauya launin shunayyar, rana kuma tana iya koɗar da shi a hankali. Wajen ajiya ki naɗe shi shi kaɗai, don zai iya kankare miki 'yan kunnen gwal in suna gogar juna.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba a haske, ban ga kumfa ba. Na wanke shi yadda kuka ce, ƙasan ya washe, saman ne da saura. In maigida zai shiga Kano zan ba shi ya kai Kasuwar Kurmi a duba.