Malaman sakandare na Legas: wa na'ura ta yi wa aiki a aji, kuma ta yaya?

Malamin Lissafi, Agege:

Assalamu alaikum malamai. Tambaya gare ni, kuma amsar waɗanda suka gwada da hannunsu nake nema. A cikinmu wa ya shigar da kwamfuta ko waya cikin darasinsa, yara suka ƙaru da gaske, ba don a ɗauki hoto a nuna wa masu duba makarantu ba? JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. WAEC ta fara da masu zana jarrabawa a kashin kansu a farkon 2024, kuma a 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ce WAEC ɗin da NECO duk can za a dosa. Amma yau ɗin nan a ajina na SS3 akwai yaran da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Waya kam sun fi ni iyawa. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya yi, da abin da ya ci masa, da inda abin ya cije.

Malamar Bayoloji, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam Malam. Ni doka ɗaya na kafa wa kaina: duk abin da sai an sami wuta ko intanet a daidai lokacin darasi, ba ya shiga ajina. Minti arba'in gare ni. Idan na tsaya jiran bidiyo ya buɗe, kafin ya gama juyawa 'yan baya sun buɗe kasuwa. Saboda haka da dare nake sauke komai, lokacin data ta fi araha, in wayi gari yana cikin waya.

Abin da ya fi yi mini amfani kuwa ba bidiyo ba ne. Madubin ƙara girman halittu guda ɗaya muke da shi mai aiki, yara kuma sun haura sittin. Da can layi suke yi, kowa ya leƙa ya ce "na gani Malama", alhali rabinsu gashin idonsu suke gani. Yanzu nakan ɓare siririyar fatar cikin albasa, in shimfiɗa a gilashi, in ɗiga aidin, in daidaita madubin da kaina, sannan in ɗora idon kyamarar wayata a daidai wurin leƙawa. Sai hannu ya tsaya cak, ki matsa kaɗan ki ja baya kaɗan har da'irar haske ta cika fuskar wayar. Da ta cika sai in ɗauka. Ƙwayoyin halittar su fito a jere, kowace da bangonta da ɗigon tsakiyarta. In zagaya da wayar benci benci, sannan kowa ya je ya leƙa madubin, yanzu ya san abin da zai nema. Bayan nan a zana da fensir, a ja layin suna da rula, a rubuta ninkin girma a ƙasa, don haka WAEC take so.

Majigi ma ina da shi, ɗan ƙarami na hannu, a Computer Village na Ikeja na saye shi. Shawarata ga mai son saye, kada ya yarda da gwajin cikin shago mai duhu. Ajinmu da rana tsaka haske ne ko'ina, idan kuma aka rufe tagogi zafin Legas ya hana kowa sakat. Nawa sai darasin farko na safe ko ranar hadari yake amfani.

Malamin Kwamfuta, Alaba Rago:

Malam na Agege, matsalarka ita ce tawa, ga yadda nake lallaɓawa. Ɗakin kwamfutarmu suna ne kawai, laftof huɗu ne ke tashi, tsofaffi 'yan kwatano. Na fahimci yaro ba koyon kwamfuta yake bukata don JAMB ba, tsoronta ne ya kamata ya fita daga ransa. Jarrabawar ma ana iya yinta ba tare da linzami ba: A, B, C, D na zaɓen amsa, N ka wuce gaba, P ka dawo baya, S ka miƙa. To na sa kowane yaro ya zana madannan kwamfuta a bayan kwalin taliya, girmansu ɗaya da na gaske. Ina karanto tambaya, su danna kwali, in ce "gaba", su danna N. Dariya suke yi da farko, har wani ya ce Malam wannan kwamfutar ba ta cin caji. Amma ranar da ya zauna gaban ta gaske, yatsansa bai yi ta lalube ba.

Sannan na raba su huɗu huɗu, kowane rukuni da lokacinsa bayan an tashi. Akwai manhajojin gwajin JAMB da ake sakawa a laftof su yi aiki ba intanet. Abin da na fi matsa musu a kai shi ne agogo. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. Idan ka raba, daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. Yaron da ya saba da takarda yakan maƙale a tambaya ɗaya yana goge-goge, a nan kuwa agogo na gudu a saman allo yana kallonsa. Ku kuma nuna musu kalkuletar da ke cikin manhajar, da yawa ba su san tana nan ba.

Gargaɗi ɗaya: maɓallin S. Ku yi ta nanata musu kada su kusance shi sai sun gama.

Dattijo, malamin Tarihi, Obalende:

Ni na kusa ajiye alli, kuma ba na gaba da na'ura. Amma ku yaran nan ku tuna da 2020. An rufe makarantun Legas a watan Maris, aka ce a koma rediyo da talabijin da WhatsApp. Na buɗe zaure na zuba duk lambobin da ke rajista. Lambobin iyaye ne. Uban yana Mile 12 yana sauke tumatir tun asuba da wayarsa a aljihu, ba ya dawowa sai bayan isha'i, a lokacin ko caji babu ko data babu. Gidan da ke da yara biyar waya ɗaya ce. Da 'yan SS3 suka dawo a watan Agusta don WAEC, ina kallon fuska na san wanda ya samu da wanda bai samu ba, kuma ba ƙwazo ne ya raba su ba, aljihun uba ne. Duk dabarar da za ta bi yaro gida, ku fara tambayar wayar wa za ta sauka a kai.

Na biyu, rubutun hannu yana mutuwa. Yanzu yaro ɗaukar hoton allo yake so ya yi maimakon ya kwafa. Wanda bai rubuta ba bai karanta ba, wannan ban canza ra'ayi a kai ba. Jikata tana firamaren gwamnati inda aka raba wa malamai allon hannu a shirin EKOEXCEL da aka fara a 2019. Na ga alherinsa, malami ba ya iya ɓacewa a ce ya zo. Sai dai ni ban so a kai mu inda na'ura za ta riƙa gaya wa malamin sakandare jimlar da zai faɗa.

'Yar bautar ƙasa, mai koyar da Fiziks, Ikorodu:

Baba, Allah Ya ƙara girma, maganar waya a gida gaskiya ce, shi ya sa ni duk abin da nake yi a cikin aji yake ƙarewa. Amma ku ba ni dama in kare na'ura kaɗan. Makarantar da aka turo ni ba ta da batir ko wayar wuta ko ƙwan fitila na gwajin lantarki. Da me zan nuna musu dokar Ohm? Akwai PhET, gwaje-gwajen kimiyya ne da ake yi a allon kwamfuta, na Jami'ar Colorado ta Amurka, kyauta ne, kuma kowane gwaji ana iya sauke shi shi kaɗai ya buɗe ba intanet. Nakan ɗora laftof a kan kujera bisa tebur, in kira yaro ɗaya ya haɗa batir da ƙwan fitila a allon. Kafin ya ƙara ƙwai na biyu sai in tsayar da shi, in ce kowa ya rubuta a littafinsa: haske zai ƙaru ko zai ragu, kuma me ya sa? Sai sun rubuta sun yi gardama tukuna a danna. Kun ga Baba, rubutun yana nan, hasali ma ya ƙaru. Idan aka danna kafin su yi hasashe, kallon fim kawai suka yi.

Malam na Agege, kai kuma GeoGebra ce taka, manhajar da ke zana lissafi a allo. Ka rubuta lissafin kwadiratik, ka ja lambar gaba daga sama da sifili zuwa ƙasa da sifili, su ga zanen da yake kamar kwari ya kife ya zama tudu a gabansu. Tana aiki a waya ma.

Dattijo, malamin Tarihi, Obalende:

'Yata, in dai sai sun rubuta kafin a danna, na sa hannu. Allah Ya yi miki albarka.

Malamin Turanci, Mushin:

Ku kuna fama da rashin na'ura, ni ina fama da yawanta. Tunda aka sa ƙirƙirarriyar basira cikin WhatsApp a 2024, aikin gida na insha'i ya tashi daga aiki. Yaron da ba ya iya haɗa jimla uku a aji sai ya kawo mini shafi biyu sumul, ba kuskure ko ɗaya. Wani ma ya kwafo har da layin ƙarshe inda manhajar ke tambayarsa ko yana so ta faɗaɗa masa bayanin, da kyakkyawan rubutunsa, har da alamar tambaya. Ban dake shi ba. Na ce ya tashi ya gaya wa aji ma'anar kalma uku daga sakin layi na farko. Shiru.

Yanzu insha'i a gabana ake rubuta shi. Abin da na mayar aikin gida shi ne karatu. Wani lokaci kuma ni da kaina nake sa manhajar ta rubuta wasiƙa, in buga a takarda, in raba musu su nemo inda ta kauce wa tsarin da WAEC ke bi, ko inda ta yi ta zuba ba ta ce komai ba. Suna jin daɗin kama ta da laifi fiye da yadda suke jin daɗin gyaran nasu. Malamai masu sa ta rubuta musu tsarin darasi, ku riƙa dubawa. Ta taɓa kawo mini misalan dusar ƙanƙara da kuɗin dala ga yaran Mushin.

Shugabar makaranta mai zaman kanta, Zangon Agege:

Malamai sannunku da ƙoƙari. Bari in faɗi ɓangaren da ba a so a ji, wato kuɗi. Duk malamin da ya shigo ofishina da sabuwar dabara, tambayata ta farko wa zai biya wuta. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin Band A daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit. Man janareta kun san inda ya kai tun cire tallafi a Mayun 2023. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Iyayen yaranmu 'yan kasuwar dabbobi ne da 'yan canji da masu gadi da direbobi, ba zan ƙara musu kuɗin makaranta don majigi ba. Abin da muka iya shi ne ƙaramin sola da batir ɗaya, na cajin laftof da wayoyin malamai kawai, ba fanka ba firji. Shi ya fi komai da muka saya amfani.

Waya a hannun ɗalibi kuwa na hana, kuma ba na neman afuwar kowa. Wanda ya zo da ita ya ajiye a ofis ya karɓa in an tashi.

Inda waya ta yi mana rana shi ne wajen iyaye. Takardar sanarwa da Turanci a jakar yaro take ruɓewa. Yanzu saƙon murya nake yi da Hausa, minti ɗaya, wata malama ta yi da Yarbanci. Uwar da ba ta taɓa zuwa taron iyaye ba sai ga ta ta maido da murya tana tambayar me ya sa ɗanta ya faɗi Lissafi.

Malamin Hausa, Agege:

Hajiya ta gama magana. Ƙari ɗaya ga masu buga tambayoyin Hausa: ku sa Hausa a Gboard, wato madannan rubutu na waya, ku danne harafin k ko d ko b, mai lanƙwasar zai fito. Amma kafin ku kai wa mai buga takardu ku mayar da shi PDF, in ba haka ba kwamfutarsa ta mayar muku da su akwatuna, ranar jarrabawa ku yi ta bi da biro kuna gyarawa.

Malamin Lissafi, Agege:

Na gode ƙwarai, kwalin taliya zan fara da shi ranar Litinin. Ga wata shawara. Tunda kowa da dare yake ƙona datarsa yana sauke abu iri ɗaya, me zai hana mu tara a wuri guda? Malama ta kawo hotunan madubinta, ƙanwarmu ta Ikorodu ta kawo na PhET, ni ina da tambayoyin Lissafi na shekarun baya da na warware. Mu jera su aji aji, zango zango, yadda manhajar karatu ta tsara.

Malamin Kwamfuta, Alaba Rago:

Na ɗauki nauyin jerawa. Amma kada kowa ya kawo mini filashar da ta zaga shagunan buga takardu, ƙwayar cuta za ta cinye mana komai. Waya zuwa waya za mu tura da Xender, ba ya cin data. Akwai kuma Kolibri, kyauta ce: a zuba darussa a laftof ɗaya, a haɗa ta da ƙaramar rauta, wato akwatin da ke raba WiFi, ko da ba layi a ciki, sauran na'urorin da ke ɗakin su shiga su karanta. Hajiya, idan za ki ba mu aron aji ɗaya da solar nan ranar Asabar bayan azahar, sai in zo da rautar in nuna. 'Yan Ikorodu ku fito da wuri saboda cunkoson Ketu.

Shugabar makaranta mai zaman kanta, Zangon Agege:

An ba ku. Kowa ya zo da cajarsa da abin jona wuta, soket biyu ne kawai a ajin.