Ina so in sayar da Corolla in sayi motar lantarki, ku ba ni shawara

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Ina zaune a Rijiyar Zaki, shagona kuma a Kantin Kwari. Kullum da safe sai na sauke yara a makaranta wajen Kabuga kafin in wuce kasuwa, da yamma in biya gidan Hajiyarmu a Gwammaja sannan in koma gida. Na duba mitar mota, kusan kilomita 40 nake yi a rana. Corolla ce ƙirar 2008, ba ta taɓa ba ni kunya ba, amma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ta koma kamar mata ta biyu. A wata ina shan lita ɗari ko sama, ga juye, ga fulogi, ga 'yan bumburutu duk ranar da gidajen mai suka rufe.

Wani dillali ya kawo min hoton wata ƙaramar motar lantarki ta kamfanin BYD daga Chana, ya ce in na saye ta ni da gidan mai sai dai gaisuwa. In na sayar da tawa sai na cika wajen miliyan 15. Kuɗin da na ware ne don ƙaro kayan sallah. Don Allah wanda ya riƙe irin motar nan a cikin garin Kano, ba wanda ya gani a YouTube ba, ya faɗa min gaskiya: nawa take ci a wata, kuma wa yake gyara ta?

Injiniya Hotoro:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ɗauko takarda mu yi lissafi irin na Kwari.

Ƙaramar motar lantarki tana cin wajen yunit 15 a kilomita ɗari. Wajen caji wani abu yana salwanta, ya tafi a zafin waya da na caja, don haka mu ce yunit 17 mitar gidanka za ta nuna. Kilomita 40 a rana, in an cire ranakun hutu, mu ce dubu a wata, yunit 170 ke nan. In layinku Band A ne, wato rukunin da ya fi samun wuta, wanda aka kai yunit ɗinsa naira 225 a Afrilun 2024 daga baya aka sauko da shi ƙasa kaɗan da 210, za ka biya kimanin dubu 36. Mai kuwa, mu ƙaddara lita naira 900, lita ɗari dubu 90. Ka tsira da dubu 54 a wata. Ƙara kuɗin juye da fulogi da ba za ka sake yi ba, mu ce dubu 700 a shekara. Yanzu raba miliyan 15 da dubu 700. Ya haura shekara 20. Kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin abin da miliyan 15 za ta haifa in ka juya ta a shadda da atamfa sau uku a shekara.

Wannan ma in akwai wutar ke nan. Band A alƙawarin awa 20 ne a rana, kuma ba kowace unguwa ke kansa ba. Soket ɗin gida yana ba da kilowat biyu da ɗan ɗoriya, wato awa uku zuwa huɗu kafin ka mayar da abin da ka ci a yini guda. Wannan ba wuya. Wuyar ita ce ranar da babu. Ka tuna Oktoban 2024 da layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, muka yi fiye da mako guda cikin duhu? In ka ce janareto za ka tayar, ƙaramin inji mai fetur yunit ɗaya da rabi zuwa biyu yake ba ka a lita. Yunit 170 zai sha lita 85 zuwa sama da 110. Ka ga man da ka hana Corolla ka ɗura wa inji, ga ƙara ga hayaƙi, maƙwabta suna Allah ya isa.

Sola ce amsar, kuma rana kam Allah ya hore mana. Fanel mai wat 550 yana ba da yunit biyu zuwa biyu da rabi a yini in ana goge masa ƙura, musamman da hunturu. Fanel huɗu sun ishi motar. Sai dai lokacin da rana take dukan rufinka a Rijiyar Zaki, motar tana ajiye a bakin Kwari. Dole ka sayi batirin litiyam na gida da zai tara wutar ya juye wa motar da dare, da inbata mai ƙarfi. Sa wannan ma a cikin kuɗin motar, domin dillali ba zai sa maka ba.

Maman Abba:
Ni ina da ita, Alhaji, shekara biyu ke nan. Nissan Leaf ce ƙirar 2015, Beljiyam, mai batir yunit 24. Koyarwa nake yi, daga gidanmu a Tarauni zuwa makaranta da dawowa bai kai kilomita 20 ba, kuma ƙarfe biyu na dawo gida, ragowar ranar tana jone da sola. Tun kafin motar muna da solar, fanel kawai Abban Abba ya ƙara. Ta nan ne ta yi min riba, ban san layin mai ba. Birki ma har yau ban canza ba, saboda da ka ɗaga ƙafa motar take rage gudu tana mayar da wuta batir.

Abin da ban sani ba sai da na saya: batirin Leaf ba shi da ruwan sanyaya shi, iska ce kawai. Zafin Afrilu da ke haura 40 yana cin sa. A dashbod akwai zane 12 masu nuna lafiyar batir. Da goma ta zo, yanzu takwas. Da esi a kunne ba na yarda in wuce kilomita 80. Bikin ƙanwata a Zariya a motar haya na je, ita kuma tana gida a lulluɓe, dangin miji suna ta tsiya wai na sayi firji mai taya.

Waɗanda ke zuwa yanzu daga Chana, irin BYD, batirinsu wani nau'in litiyam ne da ake kira LFP, ya fi jure zafi da yawan caji, kuma motar tana daidaita masa zafi da kanta. Amma ka tambayi dillalin abu biyu. Wace irin kafar caji ce a jiki? Motocin da aka ƙera don kasuwar Chana GB/T suke amfani da shi, na Turai CCS2, tawa kuma CHAdeMO, kuma ba sa shiga juna sai da adafta. Sannan allon motar da wane yare yake magana? Wata ƙawata har yau da waya take ɗaukar hoton allon tana fassarawa.

Oga Rewaya:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni aikina wayarin mota, shekara 18. Ƙafa, shoka, taya, boljoyin, duk wani makanike zai yi maka, sai dai tayar tana saurin cinyewa don motar ta fi sa'arta nauyi. Ƙaramin batir mai bolt 12 ma yana nan, in ya mutu motar ba za ta tashi ba ko da babban a cike yake. Amma wayoyin nan masu ruwan lemo, bolt 400 ne ke bi ta ciki. Na hana yarana taɓawa. Corolla in ta tsaya, ka aiki yaro Ƙofar Ruwa ya dawo da kayan kafin la'asar. Wannan in fitila ko gilas ya fashe, sai ka yi oda ka zauna jiran kago. Kamfanoni da yawa suna ba da garantin batir na shekara takwas ko kilomita 160,000, amma motar da dillali ya shigo da ita da kansa, wa za ka kai wa takardar? Kuma batirin a ƙasan mota yake shimfiɗe, ka kula da ramuka da tudun rage gudu, da damina kuma kada ka ce za ka ratsa ruwa don ka ga babu salansa.

Ɗan Kurmi:
Kawu ka mayar da Corolla gas kawai ka huta. Ko ka sayi babur na caji don zirga-zirgar kasuwa, ka bar wa Hajiya motar ta kai yara. Kaduna kilomita 230 ce, ranar da ɗaurin aure ya taso a can za ka tuna da ni.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, lissafinka ya hana ni barci jiya. Na sake yi da kalkuleta ina neman inda ka yi kuskure, ban samu ba. Layinmu ba Band A ba ne, kuma solar gidana fanka da firji kawai take ɗauka.

Na kira dillalin na tambaye shi kafar caji, ya ce bari ya tambayi yaronsa a Guwanzu ta Chana. Na tambaye shi cire harajin VAT da gwamnatin tarayya ta sanar wa motocin lantarki a Oktoban 2024, ko ya shiga farashin da ya ba ni, ya ce zai kira ni. Har yanzu shiru.

Kuɗin dai na tura an ɗauko kayan sallah. Bayan sallah zan fara da ƙara fanel da batirin gida, tun da ko babu mota muna buƙata. Maman Abba, in Abban Abba ya amince, ina so in zo ranar Lahadi in ga yadda kuka haɗa cajin, in ɗan zagaya da ita ko zuwa Dangi ne in dawo.

Maman Abba:
Ya ce bismillah, amma ka zo bayan azahar. Da safe ba ta cika ba.